Yadda binciken kimiyya ya koma kasuwa

1/ Duk ɗalibin da ya taɓa neman maƙalar bincike a intanet ya san abin nan: ka danna, a ce sai ka biya dala talatin ko fiye. Shi kuwa wanda ya rubuta ta ko sisi ba ya samu. To kuɗin ina suke zuwa? Ku biyo ni.

2/ A 1665, Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, ya fara buga mujallar Philosophical Transactions don masana su riƙa sanin abin da junansu suka gano. Bai samu wata riba ta a zo a gani ba. Kusan shekara 300 ƙungiyoyin masana ne ke riƙe da yawancin irin waɗannan mujallu, sau da yawa ma da asara.

3/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai lamari ya sauya. Gwamnatoci suka fara zuba kuɗi a kimiyya, musamman Amurka bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957. Masana suka yi yawa, wurin buga aikinsu ya yi kaɗan.

4/ A nan wani ɗan kasuwa, Robert Maxwell, ya hango dama. A 1951 ya kafa Pergamon Press. Ya riƙa bin tarukan masana, ya shirya musu liyafa, ya ce wa babban farfesa: ga sabuwar mujalla, kai ne edita.

5/ Dabarar ita ce: gwamnati ta biya kuɗin bincike, masani ya rubuta kyauta, abokan aikinsa su tantance kyauta, sannan laburaren jami'a ya saya da tsada. Kuma maƙala ba tumatir ba ce da za ka ce bari in je rumfar gaba. Wuri ɗaya take.

6/ A 1991 Maxwell ya sayar da Pergamon ga kamfanin Elsevier na ƙasar Holan kan fam miliyan 440. Har yau ribar Elsevier tana haura kashi 30 cikin 100.

7/ Me ya hana masana su watsar da su? Ƙarin girma. Daga 1975 cibiyar Eugene Garfield ta fara fitar da alƙaluman da ke nuna sau nawa ake ambaton maƙalun kowace mujalla. An yi shi ne don laburare su san wadda za su saya, amma jami'o'i da masu ba da tallafi suka mai da shi mudun auna masani. Sai tambaya ta koma "a ina ka buga?" maimakon "me ka gano?"

8/ An yi bore kam. A 2011 wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta buɗe Sci-Hub tana raba maƙalu kyauta. A 2017 kotu a New York ta ce a biya Elsevier dala miliyan 15. A 2012 kuma masanin lissafi Timothy Gowers ya ƙaurace wa kamfanin, dubban masana suka bi shi.

9/ Kamfanoni suka ce to, mai karatu ya karanta kyauta, marubuci ya biya. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 kan maƙala ɗaya. Ka lissafa shi da naira, ka ɗora kan albashin lakcara. Da an hana shi karantawa, yanzu bugawa ce ke neman gagararsa.

10/ Shi ya sa mujallun bogi ke cin kasuwa: malami na son ƙarin girma, su kuma suna karɓar kuɗi kaɗan su buga ba tantancewa.

11/ Hanya tana nan. Tun 1991 masana fiziks ke saka aikinsu kyauta a arXiv, kuma akwai African Journals Online mai tara mujallun Afirka. Amma muddin kwamitin ƙarin girma sunan mujalla yake ƙirgawa ba ya karanta aikin, kasuwar Maxwell ba za ta tashi ba.