Kuɗin Ɗan Takara da Kuɗin "Masoya"



Dokar zaɓe ta 2006 ta ƙayyade wa mai neman shugabancin ƙasa kashe naira miliyan 500, ta 2010 ta kai biliyan 1, ta 2022 kuwa biliyan 5. To amma wa ke ƙirga kuɗin "masoya"?

A 2014 ƙungiyar TAN ta cika talabijin da tallan Jonathan tun bai ce zai tsaya ba. A Janairun 2015 Gwamna Fayose na Ekiti ya sayi shafin farko na jaridu, ya jera shugabanni 'yan Arewa da suka rasu kan mulki, ya ƙara da hoton Buhari. Zukata suka yi zafi. A watan ne aka jefi ayarin Jonathan nan Jalingo.

A Amurka, Kotun Ƙoli ta ce a 2010 irin wannan talla faɗin albarkacin baki ne. Ni ma ban ce a toshe bakin kowa ba. Amma kowane talla ya fito da sunan wanda ya biya. Domin in gari ya rikice, mu da ake kira baƙi mu ke kwana da fargaba.

Allah Ya kiyaye, amin.