Bizar Aure Zuwa Ingila: Abin Da Ya Kamata Iyali Su Sani Kafin Su Cike Fom

A Agege aka ɗaura auren ƙanwata, a gaban liman da shaidu da suka cika masallaci, aka raba goro da dabino, kowa ya san an yi aure. Mijin yana aiki a Ingila, kuma yana da takardar zama ta dindindin. Muka ɗauka tafiyarta ba za ta wuce 'yan makonni ba. Muka miƙa wa wani ejan kuɗi da takardu, ya cike fom yadda ya ga dama, aka ƙi ba ta biza, kuɗin nema ya tafi. A karo na biyu ni na zauna na bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, Allah ya sa aka dace. Tun daga nan mutane ke tare ni da tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Babban abin da na koya shi ne, jami'in da zai yanke hukunci bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai san limaminku ba, bai san Sarkin Hausawan unguwarku ba. Takarda kawai yake gani. Duk abin da ba a kan takarda yake ba, a wurinsa bai faru ba.

Wa ke da damar ɗauko iyali?

Bizar aure ta wanda abokin zamansa ɗan ƙasar Birtaniya ne, ko mai takardar zama ta dindindin, ko wanda aka ba mafaka. Dole miji da mata kowa ya kai shekara 18, kuma sun taɓa haɗuwa ido da ido. Wanda ke can da bizar aiki ko ta karatu, hanyarsa daban ce, kuma an matse ta: tun watan Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya ɗauko iyali, haka ma sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi tun watan Maris na 2024. To kafin komai, a tambayi miji irin takardar da yake riƙe da ita.

Sannan kada wani ya ruɗe ku da cewa amarya ta shiga da bizar ziyara, in ta isa a juya ta. Ba a juya bizar ziyara ta koma ta aure a cikin ƙasar. Sai ta dawo gida ta nema.

Takardar aure

Nan ne namu suka fi tuntuɓe. Ingila na karɓar auren da dokar ƙasar da aka ɗaura shi ta amince da shi, kuma dokar Najeriya ta san aure iri uku: na rajista, na gargajiya, da na Musulunci. Ke nan aurenmu na masallaci aure ne, har wanda waliyyi da wakili suka tsaya aka ɗaura. Abin da ake so shi ne hujja: takardar shaidar aure mai ɗauke da cikakkun sunaye, ranar ɗaurin aure, wurin da aka ɗaura, da sa hannun shaidu. In da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, sai an haɗa da fassarar Turanci daga mai fassara da zai sa sunansa da adireshinsa da sa hannunsa.

Da yawa a nan kudu kan garzaya ofishin rajistar aure na tarayya da ke Ikoyi, don takardarsa ta fi saurin ganewa a waje. Ba laifi, amma a san abin da ake sa wa hannu. Auren rajista auren mace ɗaya ne a dokar Najeriya. Mai wata matar a gida, auren rajistarsa da sabuwa bai inganta ba, kuma wanda ya yi shi ba zai ƙara aure a kansa ba a idon doka. Wannan magana ce da ya kamata iyayen amarya da na ango su tattauna tun da wuri.

Batun mata biyu kuwa, Ingila ba ta ba mace ta biyu bizar aure matuƙar akwai wata da ta riga ta shiga a matsayin matar mutumin, tana raye, kuma auren na nan. Ɓoye uwargida a fom ƙarya ce, in aka gano ta za ta bi ku a duk wata nema ta gaba. Wanda ya taɓa aure kuma, sai ya kawo shaidar rabuwa ko takardar rasuwa. A kula da wannan: sakin baki da miji ya furta a cikin Ingila, dokarsu ba ta ɗauke shi saki ba sai ya bi ta kotu.

Bayan takardar aure, suna son su ga auren na gaskiya ne: hotunan biki, tambarin shige da fice a fasfon miji, shaidar kuɗin cefane da yake turowa, takardar haihuwar yara in akwai, da kaɗan daga hirar WhatsApp. Ba sai an loda musu shafi ɗari biyar ba. Kaɗan mai tsari ya fi tarin shara.

Sharaɗin kuɗi

Daga 11 ga Afrilun 2024, mai ɗaukar nauyi sai yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara kafin haraji. A da fam 18,600 ne, shi ya sa wanda ya ɗauko matarsa shekaru biyar baya zai iya ba ku tsohon lissafi da zuciya ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce miji ya yi wata 6 a wurin aiki ɗaya, ya kawo takardun albashi na watannin, da bayanan asusun banki da ke nuna albashin ya shiga, da wasiƙar wurin aiki. Takarda ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 kafin ranar da aka tura fom. A nan muka faɗi karon farko: takardar albashin wata ɗaya ta ɓace a tsakiya, ejan bai ko lura ba.

Albashin matar a Najeriya ba ya shiga lissafi a nema ta farko, amma ajiyar kuɗin ko wannensu na shiga. Abin da ya haura fam 16,000 ne ake ƙirgawa, kuma wanda zai dogara da ajiya zalla sai yana da fam 88,500 da suka yi wata 6 a asusunsa. Don haka dabarar nan ta karɓo kuɗin adashe ko na aro a zuba a banki ana saura mako biyu, ba ta aiki. Haka kuma sai an nuna gidan da za a zauna, da cewa ba cunkoso a cikinsa.

Turanci da gwajin tarin fuka

Duk da Turanci ne harshen gwamnati a nan, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa jarrabawa. Amarya za ta zauna jarrabawar matakin A1, kamar IELTS Life Skills, wadda magana ce da sauraro kawai, ba rubutu. Tambayoyi ne irin su sunanki, garinku, me kika saya a kasuwa. Ƙanwata a aji uku na sakandare ta tsaya, wata biyu ta yi tana gwaji da 'ya'yana da yamma, ta ci. Mai digirin da aka koyar da Turanci na iya amfani da shi, bayan hukumar Ecctis ta tantance.

Gwajin tarin fuka kuma a asibitin da gwamnatin Birtaniya ta amince da shi kaɗai ake yi, akwai a Legas da Abuja. Takardar wata 6 take aiki, saboda haka kada a yi gaggawar yin ta alhali sauran takardu ba su haɗu ba.

Sunaye da ranar haihuwa

Ku baza duk takardun a kan tabarma ku duba. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar aure, Mamman a takardar makaranta: mu mun san mutum ɗaya ne, su ba su sani ba. Haka ranar haihuwa ta fasfo da ta NIN. A gyara kafin a nema, ko a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Yaron da aka haifa a wani auren kuma, in ɗaya iyayen na raye a nan, sai an nuna cewa mai tafiya da shi ne kaɗai ke ɗauke da nauyin tarbiyyarsa da yanke masa hukunci.

Nema da jira

A shafin gwamnatin Birtaniya na intanet ake cike fom, a biya kuɗin biza wanda a 2025 ya doshi fam 2,000, da kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara ga babba. Kuɗaɗen nan suna canjawa, a duba shafin a ranar biya. Daga nan a je cibiyar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Amsa kan zo cikin mako 12. In aka ƙi, ana mayar da kuɗin lafiya, na biza kuwa ya tafi. Akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28, amma in takarda ce ta rasa, sau da yawa sake nema ya fi sauri.

Bizar farko ta wata 33 ce, a sabunta da wata 30 tare da jarrabawar A2, bayan shekara 5 a nemi zama na dindindin. Matar na da izinin aiki, amma ba ta da damar karɓar tallafin gwamnati. Abu ɗaya da nake so iyaye su gaya wa 'ya'yansu mata kafin su hau jirgi: fasfonki naki ne, kuma wadda aurenta ya mutu saboda duka ko cin zarafi, doka ta ba ta hanyar neman zama da kanta.

Wanda zai ɗauki lauya ko ejan, ya ɗauka, amma ya karanta kowane layi kafin a tura, don sunan 'yarku ne a kan fom ɗin, ba nasa ba. Allah ya haɗa kowa da iyalinsa cikin alheri.