Taswira, Ɗakin Gwaji da Idon Manomi: Wa Ke Tantance Ingancin Ƙasar Noma?

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin masana kimiyyar ƙasa da masu tsara manufofin noma, cewa ƙasar noma ta Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar ta gaji, sinadaranta na zurarewa kowace damina, kuma ba a sanin ingancinta ko amfanin da ya dace da ita sai ta taswirar ƙasa da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje. A wannan mahanga, abin da manomi ya sani game da gonarsa al'ada ce: a saurare shi don ladabi, sannan a yi aiki da alƙaluma. Wannan maƙala tana jayayya da rabin ra'ayin na biyu kai tsaye, tana kuma neman a sassauta rabin farko.

Ba sai an tsawaita kan abin da kowa ya yarda da shi ba. Ƙasar tudu a wannan yanki yashi ya fi yawa a cikinta, ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe danshi da sinadari kaɗan ne, naitirojin da fosforas sun yi ƙaranci (Jones da Wild, 1975, Bationo da Mokwunye, 1991). Ba a nan saɓanin yake ba. Saɓanin yana kan ma'auni: wane yanki na ƙasa ake aunawa, kuma don wane amfani?

Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su sun fito ne daga aikin Stoorvogel da Smaling na 1990, wanda ya ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1980 kowace hekta a Afirka kudu da Sahara tana asarar kimanin kilo 22 na naitirojin, kilo 2.5 na fosforas da kilo 15 na fotasiyam a shekara. Aikin yana da daraja, kuma masu shi ba su ɓoye cewa ƙiyasi ne ba. An lissafa abin da ke shiga ƙasa da abin da ke fita a matakin ƙasa baki ɗaya, an cike guraben da babu awo da lissafi. Matsalar ta taso ne lokacin da aka ɗauko wannan matsakaicin adadi aka ɗora shi a kan kowace gona, kamar gonar da ke bayan gida wadda ake zuba wa taki duk rani daidai take da gonar daji mai nisan tafiyar sa'a biyu. Taswira ma haka. Binciken ƙasa na Nijeriya da aka buga a 1990 an zana shi ne bisa ma'aunin 1:650,000, wato santimita ɗaya a takarda tana wakiltar kilomita shida da rabi a fili, murabba'in santimita guda kuwa ya haɗiye fiye da hekta 4,000. Taswira irin wannan tana da amfani ga mai neman inda za a kafa madatsar ruwa. Ga mai hekta ɗaya da rabi, ba ta ce komai ba.

Karkarar Kano ita ce misalin da ya fi wahalar da masu ra'ayin ƙarewar ƙasa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya bi diddigin wannan yanki tun daga shekarun 1960: jama'a ɗaruruwa a kowace murabba'in kilomita, gonaki ana noma su shekara da shekaru babu hutu. Da lissafin nan ya tabbata a kowane wuri, da tuni yankin ya koma fako. Bai koma ba. Binciken Frances Harris a ƙauyen Tumbau cikin shekarun 1990 ya nuna dalili: ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa da kara su tafi ga awaki da tumaki da ke ɗaure a turke, kashinsu da toka da sharar gida su dawo gona a mangalar jaki, ƙurar hunturu kuma ta ƙara nata kason. Ingancin wannan ƙasa, a ganina, ba gado ne da aka tarar kawai ba; aikin hannu ne da ake sabuntawa kowace shekara. Duk awon da bai tambayi yadda ake riƙon gonar ba ya auna rabin abin ne.

Manomi kuwa da riƙon yake farawa. Yana raba ƙasa da launi da laushi da yadda take shan ruwa da nauyinta a bakin fartanya: rairayi da jigawa ga gero da wake da gyaɗa, jangargari mai tauri idan ta bushe ga dawa, laka da fadama ga shinkafa da rake da kayan lambu, marmara da tsakuwa a yi hankali da su, fako a bar shi sai an farfasa an zuba taki. A ƙasar Maraɗi, rabon jigawa da geza da fadama shi ne ginshiƙin tsarin noma, kamar yadda Claude Raynaut ya bayyana. Bayan wannan akwai shaidar tsiro. Inda ƙuduji, wato wuta-wuta, ya mamaye dawa, ƙarfin ƙasa ya ja baya. Inda gawo ya tsaya, gero ya fi tsayi da kauri, domin itacen yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, dabbobi kuma suna taruwa a inuwarsa da rani. Abin lura shi ne wannan rabo ba ya cewa ƙasa kaza mai kyau ce ko mara kyau kwata-kwata. Yana cewa ta dace da kaza a shekara irin kaza. Jigawar da ake rainawa ita ke ceton gida a shekarar ƙarancin ruwa, domin yashi yana sakar wa saiwa ɗan danshin da ya samu, laka kuwa tana riƙe nata. Firkin Borno, baƙar laka mai tsagewa da ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ba ta nomuwa a lokacin da kowa ke noma, amma ita ke ba da masakwa idan aka dasa bayan ruwa ya janye. Tsarin tantance ƙasa na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1976 ya faɗi wannan ƙa'ida ƙarara, cewa dacewar ƙasa ana auna ta ne ga takamaiman amfani da takamaiman riƙo. Masu kafa hujja da tsarin su ne suka fi mantawa da ita.

Hujja mafi ƙarfi da na ji a kan wannan matsayi ta fito ne daga wani abokin aiki masanin kimiyyar ƙasa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Cewarsa, idon manomi yana jera ƙasa daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, amma ba ya gano cutar. Ya san wannan kusurwa ta gaji. Bai san me ta rasa ba. Masara ta yi rawaya, sai ya sayo yuriya, alhali rawayar tana iya zama ta rashin naitirojin, wadda ke farawa daga tsofaffin ganye, ko ta rashin salfa, wadda ke bayyana a sababbi. Ƙasar da fosforas ya yi wa ƙaranci ba za ta amsa yuriya yadda ya kamata ba ko an ninka buhu. Tsamin ƙasa kuma ba a ganinsa da ido. Gwajin dogon zango da aka fara a Samaru ta Zariya a 1950, wanda ke kwatanta takin shanu da sinadaran zamani, ya nuna cewa zuba takin naitirojin shi kaɗai shekara bayan shekara yana tsamantar da ƙasa har amfani ya ragu, gonakin da aka haɗa musu da takin shanu kuwa suka riƙe ƙarfinsu. Ya ƙara da cewa ilimin manomi an gina shi ne a kan gero da dawa da takin gida. Masarar zamani, takin kamfa da noman rani na famfo baƙi ne, gogewar kakanni ba ta kai gare su ba.

Na karɓi kusan dukan wannan. Har ma zan ƙara masa misalin da bai kawo ba. Lambunan da ake shayarwa da ruwan kogunan Jakara da Challawa a Kano, inda dagwalon masana'antu da majemu ke kwarara, suna ba da latas da kabeji kore shar. A idon mai lambu ƙasar ta yi kyau. Gubar ƙarafa da ke taruwa a cikinta ba ta da launi, ɗakin gwaji kaɗai ke iya tona ta. Haka gishiri da kanwa da ke taruwa a filayen ban-ruwa inda magudana ta toshe: kafin farin ɓawon ya fito fili, ɓarnar ta yi nisa.

Amma ina hujjar ta kai mu? Ta tabbatar da cewa ɗakin gwaji yana amsa tambayar da manomi ba ya iya amsawa. Ba ta tabbatar da cewa yana iya amsa tasa ba. Mu duba yadda ake ɗaukar samfuri. Ƙa'idar da aka saba ita ce a zagaya gona a ɗebo ƙasa daga wurare goma sha biyar ko ashirin, zurfin santimita 20, a gauraya, a aika ɗan kaso. Binciken Brouwer da abokan aikinsa a Nijar (1993) ya nuna yadda girman gero ke bambanta ƙwarai cikin tazarar 'yan mitoci a gona guda, har suka yi hasashen cewa bambancin yana rage wa manomi haɗari, domin wurin da ya gaza a shekarar ruwa shi ke bayarwa a shekarar fari. Idan aka gauraya ƙasar gindin gawo da ta tsohon mashekarin shanu da ta fako, sakamakon da zai dawo na wata ƙasa ce da babu ita a ko'ina cikin gonar. Awon daidai ne, abin da aka auna ne ba shi da asali. Wanda ya san inda iyakokin nan suke shi ne mai gonar. Saboda haka gwajin da abokina ke karewa, ingancinsa ya rataya ne a kan ilimin da yake ganin bai kai ba.

Game da batun baƙin amfani kuma, da alama an raina manomi. Wanda ya ware gonar kusa da gida ga masara ya bar ta nesa ga gero ya riga ya yi tantancewa, ya kuma gane cewa takin zamani ya fi aiki inda takin gida ya riga shi. Wannan shi ne abin da gwajin Samaru ya nuna.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata zuwa iyakar shaidar da ke hannu. Misalin Kano bai nuna cewa ƙasar tana da ƙarfi ba. Ya nuna cewa an hana ta rushewa, a matakin amfani da bai taka kara ya karya ba. Tsarin ya dogara da dabbobi, da hannaye masu yawa, da kusancin babbar kasuwa. Inda babu waɗannan, ko inda talauci ya sa aka sayar da kara da harawa maimakon su koma gona, gargaɗin Smaling yana nan daram. Fosforas kuma ba ya saukowa daga iska kamar naitirojin da wake ke kamawa. Abin da aka kwashe a buhun hatsi sai an mayar da shi da takin sufa ko makamancinsa. Sanarwar Abuja ta 2006, wadda ta nemi a ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta, ba ta yi kuskure wajen ganin buƙatar ba. Inda aka yi rauni shi ne zaton cewa kilo 50 ɗin zai yi aiki iri ɗaya a duk inda ya faɗa.

Abin da nake karewa, ke nan, ƙarami ne amma yana da sakamako a aikace. A fara tantance ƙasa da zagayen gona tare da mai ita, a rubuta rabonsa da sunayensa, da tarihin taki da amfanin kowane ɓangare. A ɗauki samfuri ɓangare-ɓangare bisa wannan rabo, ba a gauraye ba. Inda kuɗin gwaji ya gagara, kuma ga mafi yawan manoma ya gagara, a yi ƙananan filayen gwaji a kan kowane nau'in ƙasa na ƙauyen, a hana wannan fili naitirojin, wancan fosforas, jama'a su gani da idonsu lokacin girbi. A keɓe ɗakin gwaji ga inda ido ba ya kaiwa: tsami, gishiri da guba.

Ina kira ga sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'inmu da hukumomin bunƙasa noma na jihohi da su sa wannan a horon malaman gona, su kuma buga shawarwarin taki da sunayen ƙasar da manoma ke amfani da su, jigawa daban, jangargari daban, fadama daban.