Albarushi Marar Hayaƙi: Tarihinsa da Haɗarin da ke Ɓoye a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya saki adaka a dawa ya san abin da ke biyowa: ƙara, sai farin hayaƙi ya turnuƙe har maharbin ya daina ganin abin da ya harba. Haka baƙin albarushi yake tun fil'azal. Haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, kuma fiye da rabinsa ba ya zama iska idan ya ƙone, sai dai toka da hayaƙi. A fagen fama wannan babbar illa ce, domin hayaƙin kan tona asirin inda soja ya laɓe, tokar kuma ta toshe bututun bindiga.

A shekarar 1846 wani masanin harhaɗa sinadarai Bajamushe, Christian Schönbein, ya bayyana cewa auduga idan ta sha ruwan asid takan ƙone fat ɗaya ba tare da hayaƙi ba. Murna ba ta daɗe ba. A 1847 masana'antar da aka kafa don yin ta a garin Faversham na Ingila ta tarwatse, mutum kusan ashirin suka halaka. Sai daga baya Frederick Abel ya gano cewa ragowar asid da ke maƙale a cikin zaren audugar ita ce ke cin ta sannu a hankali har ta kama da wuta da kanta, don haka dole a dandaƙe ta a wanke sarai.

Wanda ya lanƙwasa wannan auduga ta shiga bindiga shi ne Bafaranshe Paul Vieille, a 1884. Ya narkar da ita ta zama kamar ƙullu, aka busar, aka yayyanka ƙanana, ta yadda kowace ƙwaya za ta riƙa ci daga waje zuwa ciki maimakon ta fashe gaba ɗaya. A 1886 Faransa ta fito da bindigar Lebel saboda shi. Alfred Nobel ya kawo nasa a 1887, Ingila kuma ta samu irin da ake kira kodayit a 1889. Tasirin abin ya iso Afirka da wuri. A yaƙin Omdurman na 1898, mayaƙan Halifa Abdullahi, waɗanda bindigoginsu na baƙin albarushi ne, sun fuskanci bindigogi masu jigida na Maxim. Irin waɗannan bindigogi ne kuma aka girke a Kano da Sakkwato a 1903.

Sai dai ciwon da Abel ya gano bai warke duka ba. Sabon albarushin yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. A watan Maris na 1907 jirgin ruwan yaƙin Faransa mai suna Iéna yana tsaye a tashar Tulon, ba abokin gaba ko ɗaya a kusa, rumbun albarushinsa ya tashi, fiye da mutum ɗari suka mutu. A Satumban 1911, a wannan tasha dai, jirgin Liberté ya bi sahu, ya ci rayuka kusan ɗari uku. Bincike ya ɗora laifin a kan albarushin da ya lalace a ajiye. Bayan waɗannan masifu ne aka dage da zuba masa sinadarin da ke shanye gubar da yake fitarwa, tare da sanyaya rumbuna.

A ganina, daga nan ne ƙa'idojin da masu ɗura harsashi da hannu ke bi suka samo tushe. Irin waɗannan mutane suna da yawa a Amurka: mafarauta da masu gasar saiti, waɗanda kan tara kwanson da aka harba su sake cika shi, don rangwamen kuɗi ko don daidaita harbi. Sukan ajiye albarushi cikin mazubin da ya zo da shi, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da wuta, kuma ba a cikin akwatin ƙarfe rufaffe ruf ba, domin a sarari ci kawai yake yi, amma idan aka matse shi sai ya fasa abin da ya tsare shi. Idan ya fara wari mai hawa hanci ko ya yi jar ƙura, to ya ruɓe, ba a ƙara amfani da shi. Ba a gauraya iri biyu, ba a kuma kintace: abin da littafin masana'anta ya faɗa shi ake aunawa a sikeli, tun da ɗan ƙari kaɗan kan cilla matsin da ke cikin bututu fiye da ƙima.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi maharbanmu kai tsaye. Adakar da maƙeri ya ƙera don baƙin albarushi aka yi ta, wanda ake aunawa da ido ko da ɗan mazubi. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye abin cikinsa a adaka, ya ɗura mata ƙarfin da bututunta ba zai iya ɗauka ba, kuma idan ta tsage, a daidai hannunsa da fuskarsa za ta tsage.