Hukuncin tsare damo ko maciji da haƙƙinsu lokacin yin ƙwai

Tambaya: Malam, ni mutumin Damari ne ta ƙaramar hukumar Sabuwa. Ina da macen damo a keji, ta daina cin abinci, sai tonon ƙasa take yi. Wani gardi ya ce ƙwai gare ta. Akwai abin da shari'a ta ɗora mini?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ka sani ɗan'uwa, duk dabbar da ka tsare, haƙƙinta ya hau wuyanka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wurin yin ƙwai yana cikin wannan haƙƙi, domin damo ko macijiya idan ta rasa inda za ta zuba ƙwanta takan riƙe shi a ciki har ya halaka ta.

Don haka ka tanadar mata:

1. Rairayi gauraye da ƙasa, zurfinsa ya kai kamu guda, domin ta haƙa rami.

2. Danshi daidai: idan ka dunƙula ƙasar ta kama, amma ruwa bai ɗiga ba.

3. Kusurwa mai ɗumi da duhu, nesa da yara da kaji, da ruwan sha kusa.

Idan ta yi ƙwan, kada ka juya shi kamar na kaza, juyawar na iya kashe ɗan da ke ciki. Na damo yakan kai wata 5 zuwa 6 kafin ya ƙyanƙyashe. Mesa kuwa naɗewa take yi a kan nata, sai a ƙyale ta.

Amma mai dafi, irin su gamsheƙa da kububuwa, kada ka ajiye shi cikin iyali. Annabi (SAW) ya yi umarni da kashe maciji da kunama ko da ana cikin salla, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, kuma ran ɗan Adam shi ne gaba.

Idan ba za ka iya ba, mayar da ita daji ya fi maka sauƙin hisabi. Wallahu a'alam.