Baitin da Ya Sauya Alƙiblar Gambarar Zamani

Duk wanda ya nemi sanin asalin gambarar zamani, wadda a yau samarin Kano da Yamai suke rangaɗawa da harshen Hausa, wajibi ne ya koma unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda a ranar 11 ga Agusta, 1973, wani haifaffen Jamaika mai laƙabin Kool Herc ya kira wasa a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, ya riƙa maimaita gaɓar faifai wadda ganga kaɗai ke tashi a cikinta, domin 'yan rawa su sami filin baje kolinsu. A wancan zamani unguwar ta kusa zama kufai, gama babbar hanyar motar da hukuma ta ratsa ta tsakiyarta ta ɗaiɗaita dubban iyalai, masu hali sun yi ƙaura, wasu masu gidajen haya kuwa, da suka ga riba ta yanke, sai suka riƙa sa a cinna wa gidajen wuta don su karɓi kuɗin inshora.

Amma duk da wannan musiba, yawancin waƙoƙin farko kirari ne da alfahari da zuga 'yan rawa, har faifan Rapper's Delight da ya kai fannin ko'ina a duniya a 1979 bai fita daga wannan da'ira ba. Saboda haka, sa'ad da Sylvia Robinson, mai kamfanin Sugar Hill, ta gabatar wa ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five wata waƙa mai sanyin kiɗa da ɗacin zance, wadda makaɗin kamfanin, Ed Fletcher, ya tsara, sai suka yi ta noƙewa, bisa hujjar cewa ba wanda ke zuwa dandali don a tuna masa da ɓeraye da bashi. Melle Mel, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, saurayi ɗan shekara 21, shi ya karɓa. Aka sa mata suna The Message, ta fito a 1982.

A ganina, darajar waƙar tana ga baitinta na ƙarshe, wanda Mel ya riga ya rera tun 1979 a cikin wani faifan nishaɗi mai suna Superrappin', inda hayaniya ta binne shi. A cikinsa ya ɗauko jariri tun ranar haihuwa, bai san fari ba bai san baƙi ba, ya bi shi sannu a hankali: ga shi yaro a lungu yana sha'awar 'yan caca da kawalai saboda su kaɗai ya gani da kuɗi, ga shi ya watsar da makaranta, ga shi ya ɗauki bindiga ya yi fashi, alƙali ya yanke masa shekara takwas, fursunoni suka wulaƙanta shi, har aka wayi gari aka tarar da shi a rataye a ɗakin kurkuku. Wanda ya saba da waƙoƙin wa'azi na malamanmu, masu raka ɗan Adam daga zanen goyo zuwa likkafani, zai gane wannan tsari nan take, illa dai Mel bai yi alkawarin Aljanna ko narkon wuta ba; ya ba da shaida ne kurum, da murya mai kauri wadda ke ƙara zafi a kowace ƙafiya, ya bar hukunci ga mai sauraro. Balagarsa ke nan, kuma ba ƙaramin al'amari ba ne a ce ɗan shekara 18 ya tsara wannan baiti.

Ɗaukakar da ta biyo baya ba ta zo da alheri zalla ba, domin rigimar kuɗi da suna ta raba ƙungiyar ba da jimawa ba, har aka dangana da kotu. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya waƙar cikin faya-fayai 50 na farko da ya zaɓa don adanawa a jerin shekarar 2002. Sunan Flash ne a goshin faifan, amma haƙƙin yabo na Fletcher ne da Melle Mel.