Aktinomaikosis: Cutar mara da ke kama da ciwon daji ga masu robar mahaifa

Aktinomaikosis na mara cuta ce da ba kasafai ake samunta ba, wadda likitoci ke dangantawa da daɗewar robar tazarar haihuwa, wato IUD, a cikin mahaifa. Ƙwayar bakteriya mai suna Actinomyces israelii ce ta fi haddasa ta. An raɗa mata sunan likitan tiyata na Jamus, James Israel, wanda ya yi bayanin cutar a jikin ɗan Adam a 1878.

Ƙwayar na zaune a baki da hanji da al'aurar masu lafiya ba tare da wata illa ba. Sai ta samu kafa a fatar cikin mahaifa take kutsawa, ta haifar da ƙuraje masu mugunya a bututun mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Yawanci hakan na faruwa ne ga matan da robar ta shafe shekaru a jikinsu, musamman in ta wuce wa'adinta. Wa'adin robar Copper T 380A shekara 10 ne.

Alamominta

Cutar na tafiya a hankali: ciwon mara na watanni, zazzaɓi, rama, fitar ruwa ko jini daga gaba, da kumburi mai tauri. A hoton asibiti kumburin kan yi kama da ciwon daji, abin da kan sa a cire wa mace mahaifa kafin a gano gaskiya. Don haka ake ɗibar tsoka ko mugunya a gwada, inda ake neman wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa.

Maganinta

Matakin farko shi ne cire robar. Daga nan ake ba da allurar penisilin mai yawa ta jijiya na mako 2 zuwa 6, sannan a ci gaba da shan amoksisilin ko penisilin na wata 6 zuwa 12. Wadda jikinta ba ya karɓar penisilin ana ba ta doksisaikilin ko kilindamaisin. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ba ya kashe wannan ƙwaya. Ana yin tiyata ne idan ƙurjin ya yi girma ko ya toshe hanji ko hanyar fitsari.

Ganin ƙwayar a gwajin bakin mahaifa kaɗai ba cuta ba ne. Matar da ba ta da wata alama ba ta buƙatar magani ko cire robar. Wadda ke fama da ciwon mara kuwa, ya kamata ta shaida wa likita tana da robar da kuma shekarar da aka sanya mata.